Babi na Biyar: Majami'ar Baftis ta Farko a Birnin Ikko

A ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 1876, sa'ad da birnin Ikko bai cika shekara 15 a ƙarƙashin tutar Ingila ba, waɗansu mutane 24 suka taru a gaban masu wa'azi biyu da suka sauka daga Amurka watanni kaɗan kafin nan, ɗaya Bature ɗaya kuwa baƙar fata, aka tsara su suka zama ikilisiya guda bisa ƙa'idar ɗariƙar Baftis. Wannan rana ita ce littattafan tarihi suke ƙirgawa mafarin majami'ar da take tsaye har yau a kan titin Broad, wadda ake kira Majami'ar Baftis ta Farko. Ba mu da jayayya da wannan ƙidaya. Amma fa jama'ar da aka tsara a ranar ba sababbin shiga ba ne, ba kuwa baƙin nan biyu ne suka tattaro su ba, gama sun riga sun yi shekaru suna haɗuwa domin sujada alhali babu wani da aka keɓe ya shugabance su, babu kuma ɗan mishan na Baftis ko ɗaya a ƙasar. Wanda kuwa ya manta da waɗannan shekaru ba zai taɓa gane dalilin fitinar da ta tashi a majami'ar shekara 12 bayan haka ba.

Akwai mas'aloli biyu na aƙidar wannan ɗariƙa waɗanda a kansu dukan al'amarin ya rataya. Asalinta dai daga waɗansu mutanen Ingila ne da suka yi hijira zuwa birnin Amsterdam saboda tsanantawar hukuma, suka kafa jama'arsu a can wajen shekarar 1609. Mas'ala ta farko ita ce ba sa yi wa jariri baftisma, sai wanda ya mallaki hankalinsa ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sa'an nan a nutsar da shi ɗungum cikin ruwa. Ta biyu kuwa, wadda ta fi shafar labarinmu, ita ce kowace ikilisiya mai cin gashin kanta ce: ba bishop a samanta, ba wata majalisa ta nesa da za ta ɗora mata hukunci, ita ce mai zaɓen fastonta, ita ce mai sallamarsa, kuma duk wani babban al'amari sai an kawo shi gaban jama'a an yi shawara, abin da rinjaye ya tsayar shi ne hukunci. A wannan wuri suka saɓa wa 'yan Angilika, waɗanda tsarinsu na matakai ne daga sama zuwa ƙasa. 'Yan mishan da suka zo ƙasar Yarabawa daga Amurka sun taso cikin wannan ƙa'ida, suna kishinta ƙwarai a ƙasarsu, sun kuma koyar da ita ga almajiransu da zuciya ɗaya. Abin da ba su yi tsammani ba shi ne ranar da almajiran za su tashi su kafa musu hujja da ita.

Ƙungiyar da ta aiko su, watau Tarayyar Baftis ta Kudancin Amurka, an kafa ta ne a garin Augusta na jihar Jojiya a 1845, sanadin kafa ta kuwa abu ne mai nauyin faɗi: 'yan'uwansu na arewacin ƙasar sun ƙi yarda a naɗa mai mallakar bayi ya zama ɗan mishan, su kuwa na kudu suka ga ba za su iya zama da wannan hukunci ba, sai suka ware. Ashe ke nan mutanen da suka ɗauki nauyin kai bishara ga baƙar fata na Afirka su ne waɗanda suke riƙe da dangin waɗannan baƙar fata a gonakin audugarsu. Ba mu kawo wannan don mu tozarta kowane ɗayansu ba, gama a cikinsu akwai waɗanda suka bar gida da dangi suka zo zazzaɓi ya kashe su cikin 'yan watanni, kuma wanda ya ba da ransa a kan abin da ya gaskata ba a yi masa izgili. Mun kawo shi ne domin mai karatu ya san irin tarbiyyar da suka zo da ita a zukatansu game da matsayin baƙi da fari.

Na farkonsu shi ne Thomas Jefferson Bowen, tsohon soja, wanda ya sauka Badagiri a ranar 5 ga Agusta, 1850, shi kaɗai, bayan abokin tafiyarsa ya rasu a Laberiya. Bai zo da niyyar zaman bakin teku ba ko kaɗan. Burinsa shi ne ya kutsa can cikin ƙasa, wurin manyan biranen da matafiya suka ba da labarinsu. Amma yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan rushewar tsohuwar daular Oyo suka tare masa hanya, ya yi wata 18 a Abekuta yana koyon Yarabanci, yana can har Sarkin Dahomai Gezo ya kawo wa garin hari a watan Maris na 1851, ya kuwa tsaya tare da mutanen garin, watau Egba, a bakin ganuwa. Daga baya Kurunmi, sarkin yaƙin Yarabawa mai mulkin Ijaye, ya ba shi wurin zama, a nan ya gina ɗakin sujada na farko a 1854, a shekarar da ta biyo kuma ya ƙara gaba zuwa Ogbomosho. Daga Ogbomosho ne ya ziyarci Ilori a 1855, yana fatan ta zame masa ƙofar shiga ƙasar Hausa. Sarkin Ilori Shitta, wanda yake ƙarƙashin tutar Gwandu, ya karɓe shi da karamci irin na sarakunan Musulmi, ya saurari abin da ya zo da shi, amma bai ba shi izinin zama ba. Da wannan hukunci iyakar aikin ta tsaya a Ogbomosho har tsawon shekaru masu yawa. Bowen ya koma gida a 1856 da jiki raunanne, ya bar littafin nahawu da ƙamus na Yarabanci wanda aka buga a 1858.

To, mutanen da suke zaune a Ijaye da Ogbomosho, tafiyar kwanaki daga teku, suna bukatar wani amintacce a tashar jiragen ruwa wanda zai karɓi kayansu da wasiƙunsu, ya sauki sababbin zuwa, ya nema musu 'yan dako. Wannan bukata ita ce ta haifi tashar Ikko a 1855, ba wani babban shiri na kafa majami'a a birnin ba. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Joseph Harden, baƙar fata haifaffen Amurka, wanda ya riga ya yi aikin wa'azi a Laberiya. Birnin da ya tarar yana cikin sauyawa: shekara huɗu ke nan da jiragen yaƙin Ingila suka yi masa ruwan wuta suka kori Sarki Kosoko suka mayar da Akitoye, 'yantattun bayi suna ta dawowa daga Saliyo da Barazil da sana'o'insu da iliminsu, Musulmi suna da yawa kuma suna ƙaruwa, 'yan Angilika da 'yan Metodis kuwa sun riga sun kafu, har galibin masu ilimin boko nasu ne. A tsakanin waɗannan Harden ya gina ɗan ɗakin sujadarsa, ya buɗe 'yar makaranta, ya auri wata mace mai ilimi daga zuriyar Yarabawan Saliyo, sunanta Sarah Marsh. Ba a ƙirga wannan aure cikin ayyukan mishan ba, amma shi ne ya fi sauran amfani daga baya.

Sai masifu suka zo a jere, kowacce tana bin sawun 'yar'uwarta. Da Alafin Atiba, sarkin Oyo, ya rasu a 1859 ɗansa Adelu ya gaje shi, Kurunmi ya ƙi yi masa mubaya'a, yana mai cewa al'ada ta hukunta babban ɗan sarki ya bi ubansa kabari. Ibadan ta ɗauki gefen Adelu, ta yi wa Ijaye ƙawanya tun daga 1860, yunwa ta shiga garin har iyaye suka riƙa ba da 'ya'yansu jingina domin abin da za a sa a baki. 'Yan mishan biyu da suke garin, R. H. Stone da A. D. Phillips, suka tattara yara masu yawa, marayu da waɗanda iyayensu suka kasa ciyarwa, suka fitar da su zuwa Abekuta kafin garin ya faɗi a watan Maris na 1862. Ana cikin wannan kuma yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka a 1861, jiragen arewa suka tsare tashoshin kudu, kuɗin da ake aikowa daga Richmond, inda hukumar mishan take, ya yanke. Harden ya koma yin tubali yana sayarwa domin ya ci da iyalinsa ya kuma riƙe aikin, har ajali ya riske shi a 1864. Sa'an nan a watan Oktoba na 1867 mutanen Abekuta, waɗanda suka fusata da yadda gwamnatin Ikko take miƙa ƙafa cikin ƙasarsu, suka tashi suka farfasa gidajen mishan na kowace ɗariƙa, suka kori Turawa daga garin. Kiristoci da yawa suka kwararo Ikko, Gwamna Glover, wanda Hausawa suka san sunansa saboda rundunar Hausawa da ya kafa a birnin, ya yanka wa 'yan gudun hijirar fili a Ebute Metta. A 1869 ciwo ya tilasta wa R. H. Stone komawa gida, shi ne kuwa ɗan mishan na Baftis na ƙarshe da ya saura.

Bisa ga lissafin hukumar Richmond aikin ƙasar Yarabawa ya mutu ke nan, gama ƙasar kudu ta fito daga yaƙi a karye, ba ta da kuɗi, ba ta da mutanen aikawa. Amma a Ikko abin bai mutu ba, kuma dalilin rashin mutuwarsa mutum uku ne waɗanda ya wajaba a ambaci sunansu da girmamawa. Ta farko ita ce gwauruwar Harden, watau Sarah, wadda da ta so da ta koma cikin danginta 'yan Angilika, inda akwai makarantu da manyan mutane da rufin asiri, ba wanda zai zarge ta. Sai ta zaɓi zama da wannan 'yar jama'a ta marayun yaƙi da 'yan gudun hijira, ta zame musu uwa, tana tara su, tana karantar da su, tana kula da tarbiyyarsu. Na biyu shi ne James Churchill Vaughan, kafinta, ɗan wani 'yantaccen bawa daga jihar Karolina ta Kudu, wanda ya bar Amurka ya zo Laberiya, daga nan ya biyo 'yan mishan zuwa ƙasar Yarabawa yana yi musu gini. Wannan bawan Allah ya ga jarrabawa iri iri: mayaƙan Ibadan sun kama shi a zamanin yaƙin Ijaye ya kuɓuta, ya sake kafa kansa a Abekuta aka washe shi a tarzomar 1867, ya iso Ikko ya fara daga tushe, har ya zama babban ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini da na ƙarfe; dukiyarsa kuwa ita ce ta zama jingina ga jama'ar a lokacin da ba su da wata. Na uku shi ne wani saurayi daga cikin yaran nan da aka fitar daga Ijaye, sunansa Ladejo, wanda ya ɗauki sunan malamin da ya rene shi ya zama Moses Ladejo Stone. Ba shi da shahadar wata babbar makaranta, amma Allah ya hore masa fasahar harshe, idan ya tashi wa'azi da Yarabanci ba a gajiya da saurarensa.

Ya kamata mai karatu ya dakata a kan waɗannan shekaru shida, daga 1869 zuwa 1875, ya auna abin da suka gina a zukatan mutanen. Jama'ar da ta saba kome sai an yi mata, daga ginin ɗaki har zuwa alli da allo, ta wayi gari ba mai yi mata. Ta gwada da kanta ta ga ashe ana iyawa. Su suke tsayar da lokacin sujada, su suke karanta Littafi Mai Tsarki da harshensu, su suke sulhunta masu saɓani, su suke binne matattunsu, su suke tara ɗan baikon da za a yi hidima da shi. Abu guda ne ya gagare su: da yake babu keɓaɓɓen fasto a cikinsu, waɗanda suka ba da gaskiya sai suka zauna jiran mai yi musu baftisma. Saboda haka ba su daina begen dawowar 'yan mishan ba, ba kuma ƙiyayya ce ta shiga tsakani ba. Amma wanda ya riƙe gida shekara shida cikin wuya ba ya sake zama baƙo a cikinsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka ma abin ya kasance a Ogbomosho, inda 'yan tsirarun masu bi suka riƙa taruwa a gindin itace suna karatu, ba malami, har aka sake waiwayarsu.

A watan Oktoba na 1875 William David, saurayi daga jihar Misisipi, da abokinsa William Colley, baƙar fata daga Bajiniya, suka iso Ikko, aka karɓe su da murna mai yawa, su ne kuwa suka jagoranci taron ranar farko ta 1876. Colley bai daɗe ba. Ya koma Amurka a 1879, a shekarar da ta biyo ya zama jigo wajen kafa ƙungiyar mishan ta Baftis baƙar fata a garin Montgomery. David shi ne ya zauna, kuma gaskiya ta wajabta a ce mutum ne mai himma wadda ba ta san gajiya ba. Ya farfaɗo da tashar Abekuta, ya taka har Ogbomosho, ya tura Ladejo Stone can ya riƙe aikin, a 1880 kuma aka keɓe Stone ya zama fasto, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya sami wannan matsayi a ɗariƙar Baftis. Matar David ta fari ta rasu a 1885 sanadin ciwon da ta ɗauka a ƙasar, duk da haka bai janye ba. Ya yi yawon majami'un Amurka yana neman gudummawa, ya yo lodin kayan gini a jirgin ruwa, aka tayar da babbar majami'a ta tubali mai doguwar hasumiya a titin Broad, aka gama ta a 1887. A 1886 kuma aka buɗe babbar makarantar Baftis ta Ikko, shugabanta kuwa Samuel Harden ne, ɗan Joseph da Sarah, wanda ya yi karatu a Amurka. A cikin malaman makarantun Baftis na lokacin akwai wani saurayi mai kaifin alƙalami, David Brown Vincent, haifaffen Ilesha. Duk mai duban al'amarin daga waje a ƙarshen 1887 zai ce wannan ikilisiya ta haye: ga gini, ga makaranta, ga fasto ɗan ƙasa, gama an dawo da Stone Ikko, ga kuma 'yan kasuwa da malamai a cikin jama'a.

Ba a cika shekara da buɗe ginin ba ya zama kusan kango. Abin da ya kawo haka ƙarami ne a ido. Albashin Stone bai isa ya ɗauki iyalinsa a birni mai tsada irin Ikko ba. Ya nemi ƙari, David ya ƙi. Sai ya shiga ɗan ciniki domin ya cike giɓin, David ya ce fasto ba ya haɗa hidimar ikilisiya da kasuwanci. Magana ta yi tsami har ta kai ga rabuwar Stone da aikinsa, David kuwa ya zartar da al'amarin shi kaɗai, bai kawo shi gaban jama'a ba. Da dattawa suka je neman bahasi, jawabin da aka ruwaito ya ba su shi ne cewa Stone ma'aikacinsa ne, yana da ikon sallamarsa kamar yadda zai sallami kowane mai yi masa hidima. A farkon 1888 mafi yawan jama'ar suka fice, a cikinsu har da Sarah Harden da ɗanta da Vaughan da Vincent, suka kafa rumfa, suka kira kansu Majami'ar Baftis ta 'Yan Ƙasa, wadda daga baya aka san ta da suna Ebenezer. Stone ne fastonsu.

Idan za a yi adalci, David yana da abin da zai kafa hujja da shi. Kuɗin da ake biyan Stone yana bi ta hannunsa ne daga hukumar mishan, shi ne kuma za a tambaya yadda aka kashe shi. Fargabar da yake yi kada ciniki ya shagaltar da makiyayi daga garkensa ba wauta ba ce, malaman kowane addini sun yi magana a kan irinta. Amma a ganina ya yi kuskure babba, kuma ba a wajen kuɗi kuskuren yake ba. Mutumin da ya hana wa fasto ƙarin albashi, sa'an nan ya hana shi neman halalinsa da hannunsa, ya rufe masa ƙofa biyu a lokaci guda, alhali Harden da ya kafa tashar, da sana'ar tubali ya ci da kansa, Manzo Bulus ma da suke karantawa kullum da ɗinkin tanti ya riƙe kansa. Mafi girma daga wannan, ya taka ƙa'idar da shi da kansa ya tsara ikilisiyar a kanta. Babu wata majami'ar Baftis a Misisipi, kome ƙanƙantarta, da za ta yarda wani daga waje ya cire mata fasto ba da shawararta ba. David ya san haka sarai, abin da ya kasa gani shi ne cewa mutanen titin Broad ikilisiya ce cikakkiya kamar waccan, da haƙƙi iri ɗaya. Su kuwa da ya gaya wa wannan magana su ne mutanen da suka riƙe aikin sa'ad da shi yana yaro a makaranta, Stone ɗin da ya kira ma'aikacinsa shi ne ya yi musu wa'azi shekara da shekaru ba da ko anini ba. Ba su fita daga aƙidar Baftis ba ko da taƙi ɗaya, hasali ma da ita suka fita.

Zamanin ma ya taimaka. Shekarun nan su ne na rabon Afirka bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, lokacin da sabon ƙarni na Turawa, na gwamnati da na kasuwa da na mishan, suka fara ture 'yan ƙasa masu ilimi daga muƙaman da iyayensu suka riƙe. Bayan shekara biyu kacal da ficewar 1888 waɗansu samarin 'yan mishan na Angilika suka wulaƙanta tsoho Bishop Ajayi Crowther a kan aikinsa na kogin Kwara, ya rasu cikin baƙin ciki a ƙarshen 1891. A wannan shekara aka kafa wata majami'a ta 'yan ƙasa a Ikko, a 1901 kuma wata babbar ƙungiya ta ɓalle daga Angilika. Masana tarihi suna lissafa ficewar 1888 a matsayin ta farko a wannan jeri a Nijeriya, ba kuwa abin mamaki ba ne da ta fara daga ɗariƙa mafi ƙanƙanta a birnin, tun da su ne tsarinsu ya riga ya ba su izini.

David ya bar ƙasar ba da daɗewa ba, bai sake dawowa aikin ba. Wanda ya gaje shi, C. C. Newton, mutum ne mai sanyin hali, ya sa himma wajen neman sulhu. A can Ebenezer kuma saɓani ya kunno tsakanin shugabanni, gama 'yancin kai ba ya kawar da halin ɗan Adam. Ƙarshenta a 1894 Stone ya koma majami'ar titin Broad ya zama fastonta, Vincent kuwa ya karɓi ragamar ɗaya ɓangaren. A wannan shekara ce Vincent ya ajiye sunansa na Turawa ya zama Mojola Agbebi, ya ajiye kwat ya ɗauki babbar riga, ya dage a kan cewa Kiristan Afirka ya yi sujada da harshensa da waƙoƙinsa da tufafinsa, ya kuma ɗauki nauyin majami'arsa da aljihunsa. Ya kai aikinsa har Ekiti da Buguma a yankin bakin Kwara, a 1903 kuma ya kafa majami'ar Araromi bayan wata sabuwar rabuwa.

Haƙiƙanin bunƙasar majami'ar titin Broad a hannun Stone ta faru, cikin shekara 19 da ya yi yana shugabancinta bayan komawarsa. Ya koma ne a matsayin faston da jama'a suka yarda da shi, ba yaron wani ba, kuma lokacin ya dace da baiwarsa: an fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko a 1896, ta isa Ibadan a 1901, samari daga garuruwan cikin ƙasa suna ta kwararowa birnin neman aiki, ba su jin Turanci, ba su da shiga cikin manyan gidajen 'yan Saliyo; da suka ji ana wa'azi da Yarabanci tsantsa, da karin magana da salon da suka sani tun daga gida, sai suka cika bencinan da suka zauna wayam tun 1888. Ikilisiyar ta kai ga ɗaukar nauyin kanta, tana biyan fastonta, tana kuma tallafa wa ƙananan jama'o'i a wajen birni. Da yawa daga cikin waɗannan samari ba su dawwama a Ikko ba. Sun koma garuruwansu ko sun bi aiki da fatauci zuwa wani wuri, kowa ya tafi da abin da ya koya, watau cewa mutum goma masu bi ba sa bukatar jiran izinin kowa kafin su zama jama'a. Da hanyar jirgi ta isa Kano a 1911, fatake da akawuna da masu sana'a Yarabawa, musamman mutanen Ogbomosho, suka kafa majami'unsu a Zungeru da Kaduna da Zariya da Jos da Sabon Garin Kano, da kuɗinsu da harshensu, a lokacin da gwamnatin Turawa take taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakuna. Sun daɗe kuwa suna sujada a tsakaninsu kawai, aikin Baftis da harshen Hausa bai kankama ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Stone ya rasu a 1913, saura shekara guda ya ga abin da rabuwar 1888 ta haifar. A 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, wakilan majami'un da suke tare da mishan da na waɗanda suka ɓalle suka taru a Ibadan, suka kafa Ƙungiyar Baftis ta Yarabawa bisa sharaɗin kowace ikilisiya tana nan da ikonta, 'yan mishan Amurka suna zaune a cikin taron, aka zaɓi Mojola Agbebi ya zama shugabanta na farko. Agbebi ya rasu a 1917. A 1919 kuma, da yake majami'un da ba na Yarabawa ba sun yawaita a cikinta, aka sauya mata suna ta zama Tarayyar Baftis ta Nijeriya.